Alkawarin Komawa Jos

Har gobe ba na mantawa da ranar da na fara ganin Ladi a ƙofar kamfanin alewar da muke aiki a Bompai. Bazara ce, kowa ya laɓe a inuwar darbejiya, ita kuwa tana tsaye cikin rana abinta. Na tambayi wata mai naɗe alewa, ta ce, "'Yar Jos ce, bara suka dawo."

Ni da ban taɓa wuce Wudil ba, Jos a littattafan soyayya na san ta: duwatsu, furanni, masoya cikin rigar sanyi. Na dinga aika mata wasiƙu, sanyin idanuna, sanyin zuciyata (na taɓa ƙirga sanyi bakwai a shafi ɗaya). Ba ta taɓa ba ni amsa ba, amma ta yarda in je Dorayi in gaida mahaifinta.

Na tarar da Malam Garba a soro, da bargo a ƙafafunsa cikin zafin nan, yana tari. Na gani, amma hankalina yana kan jawabin da na haddace.

Na ce, "Baba, in kun ba ni ita, ba zan bar ta a zafin Kano ba. Jos zan mayar da ita, ta sha sanyinta."

Ya dube ni. "Yaro, ka taɓa zuwa Jos?"

"A'a, Baba, amma na karanta."

"To. Ni wankin kuza na yi a wurin haƙar ma'adinai, tsaye cikin ruwa tun asuba, ka ji abin da ya bar mini a ƙirji. Albashin kuwa, itacen jin ɗumi da haya suke cinyewa kafin a zo kan hatsi. Uwarta, sanyin ne ya shige ta bayan haihuwar ƙaninta. Can muka baro ta."

Ashe Ladi tana bayan labule da kwanon ruwan da za ta kawo mini. Na ji ta ajiye shi ta koma ciki.

Washegari ta miƙo mini wasiƙuna a kwalin alewa, ta ce, "Malam Bala, ai da ka tambaye ni."

Maimakon in ba ta haƙuri, sai na koma shiga kamfanin ta ƙofar baya har ta bar aikin. Tun daga nan, kafin in yabi gari a gaban wanda ya baro shi, sai na tambayi abin da ya koro shi.

Ladi tana Panshekara yanzu, da jikoki. Wani direban kamfanin fata ta aura, wanda aka ce ko sunansa ba ya iya rubutawa.