Kwanona Mai Ɗigo Uku

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa nikabi don sayen shinkafa da miya a cikin garinmu Matameye ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce. Ni ce matar nan da ke miƙe ƙafa a gidan suna tana cewa, "Macen da ke ciyar da 'ya'yanta abincin tasha, a haƙa rami a binne tukunyarta." Mata su yi shewa, kaina ya ƙara girma. Wata rana aka ɗauko zancen Barira, mai sayar da abinci a tashar Ɗan Barto, na ce ai miyarta ruwan wanke tukunya ce aka jefa wa barkono. (Wallahi ban taɓa ɗanɗanawa ba, baki ne kawai.) Ashe tana bayana tana gyara ɗankwali. Ta gama ɗaurinta ta wuce.

To, rani ya yi, maigidan yana Kano wajen aiki, sai tafasasshen mai ya zubo mini a hannun dama. Likita ya naɗe shi, ya ce kada ya ga wuta ko ruwa sai bayan mako biyu. Gida kuwa baki bakwai: yara biyar duk maza, ba mai iya hura wuta, sai ni, sai surukata Inna, wadda ba ta da haƙori amma ba ta yafe loma. Maƙwabta suka aiko da abinci kwana biyu, na uku sai gaisuwa. Muka yini kan garin rogo. Washegari Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ni fa ba kaza ba ce."

In aiki yara? Ina! Duk kan ubansu suka ɗauko, daga nesa ake gane su. Sai na zumbula hijabi har ƙasa, na ɗaura nikabin ƙanwata, na ƙulle kuɗi jika biyu a bakin zane, na fita kamar mai zuwa sata.

Na fara da wani gidan abinci mai firigon ruwan sanyi da tele ta kallo a bakin kwalta. Faranti ɗaya jika da rabi! Shinkafar kuwa ba ta cika tafin hannu ba, an ɗora mata ganyen salati kamar amarya. Na ce wa mai wurin, "Malam, har da farantin da kujerar za a ba ni?" Ya ƙi dariya. Na wuce wajen mai tsire, yankansa in ka ɗaga sai ka hango masallaci ta ciki. Mai taliya kuma yana ƙirga silin kamar gadon marayu. Rana ta take, ƙafa ta gaji. Na tambayi wani ɗan kabu-kabu ina ake samun araha da ƙoshi, ya ce, "Hajiya, sai wajen Barira." Na tambayi mai ruwan sanyi, ta ce Barira. Sai ka ce haɗa baki suka yi.

Na je. Direbobi sun cika benci suna ta zuba loma, mata sun yi layi da kwanoni, har da Ladidi ta unguwarmu, wadda ta fi kowa shewa in ina cika baki. Ƙamshin miyar ya daki hancina ta cikin nikabi, na ce a raina, ƙamshi ai ba daɗi ba ne. Da layi ya zo kaina na maƙale murya irin ta matan Kano (na iya kwaikwayo, wannan kam baiwa ce), na ce, "Baiwar Allah, a zuba min na jika biyu, a cika don Allah." Na miƙa kwano da hannun hagu.

Kun ga inda wautar take? Kwanon. Babbar samirata ta aure, wadda na ɗiga wa jan fenti sau uku a gindi da murfi don kada ta ɓace a gidan biki. Ba bikin da aka watse a unguwa ban zagaya ina ihu ba, "Wa ya ga kwanona mai ɗigo uku?" Na rufe fuska, na rufe ƙafa, na sake murya, na ɗauko abin da ya fi ni suna a gari.

Barira ta juya shi, ta kankari ɗigon da farce, ta ɗaga murya yadda har mai faci zai ji.

"Maman Sani, ya hannu? Ruwan wanke tukunyar na nawa kika ce? A jefa barkonon ko a bari?"

Wani direba ya ƙware. Ladidi ta dafe ƙirji, "La ilaha! Ke ce?"

Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina, da muryar Kanon nan dai, yana cewa, "Ba ita ba ce, aron kwanon na yi."

Aka kwashe da dariya har da masu buga benci. Barira kuwa ko murmushi. Ta cika kwano taf, ta tsamo nama mai laushi ta ɗora, ta ce, "To, 'yar Kano, in kin mayar wa mai shi, ki ce naman na Inna ne. Gobe ta zo da wuri, miya ba ta kai azahar."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

A gida yara suka cinye har ana faɗa kan kankarar kwano. Inna ta suɗe yatsa, ta dubi hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki yi gaggawar kwance shi. Ciwo a bi shi a hankali."

Hannu ya warke tuni, amma duk Juma'a ina layin Barira, fuska a buɗe, ni da mai ɗigo uku. A gidan suna kuwa har yanzu ina magana, ban fasa ba. Sai dai kafin in kushe miyar wata, ina fara waiwayawa, sannan in tambayi nawa take sayar da ludayi.