Allura Ɗaya Ce Mu Dawo

"Lahiya lau. Ina gajiya?" in ji Atika, tana sauke ƙunshin zogale a bakin zaure.

"Da babu," in ji Malam Abdulmutallib, bai ko ɗago daga askar da yake wasawa ba. "Yanzu ta yi sallama."

"To, madalla, da sauran ranka. Tun daga Jiratawa nake shirya kukan da zan yi maka, ga shi ka sa na yi asara."

"Ajiye shi, ki yi wa madubinki."

Atika ɗiyar gwaggonsa ce, wato taubashiyarsa. Shi ɗan namiji, ita ɗiyar mace, don haka tun suna yara yake kiranta baiwarsa, ita kuwa ba ta taɓa faɗin sunansa daidai ba, sai Muɗallabi. Sun haura shekara sittin suna zagin juna, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya kwana da abin a rai ba. Shi wanzami ne a Tibiri, da zanen Gobirci goma sha uku a fuskarsa. Ita tana da garkar zogale a bakin ruwan Jiratawa, da baki wanda 'yan kasuwar Maraɗi suka san da zamansa.

Yau dai ba wasa kaɗai ya kawo ta ba. Jiya da la'asar Mansura, 'yar farin Malam, wadda ke aikin jinya a wata likita, wato asibiti, cikin Maraɗi, ta same ta a garka. Ta zauna a bakin magudanar ruwa da kayan aikinta, ta yi kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Ta ce wata bakwai ke nan, tun da korona ta ɗauke mahaifiyarta Tsahara, Baba ba ya ce mata komai in ban da amsa gaisuwa. Ga shi da ciwon suga, ga ƙirji, ita kuma kullum tana ganin irin tsofaffin da ake kawowa da yadda ake fita da su. Masu allurar riga-kafi, wadda mutanen nan ke ce wa lamba, sun je Tibiri sau biyu, sau biyun yana garƙame zaurensa. Ta ce ta rasa uwa, ba ta son ta rasa uba alhali yana fushi da ita. Atika ta ce ta share hawayenta, wannan tsohon ita ta san makamarsa.

Ta zauna a kan tabarmarsa ba tare da an ce ta zauna ba, ta janye mayafi, ta nuna masa damtsenta.

"Ka gani? An yi mini. Sau biyu."

Ya leƙa, ya taɓe baki. "Allah ya jiƙan ki. An ce duk wanda aka yi ma, shekara biyu ta rage mishi."

"Shekara biyu cur? Da shaida? Ai da na sani da na ce su ƙara mini uku. Kai wa ya yi maka alkawarin kaiwa kaka?"

"An ce tana kashe haihuwa."

Atika ta dube shi daga hula har ƙafa, ta sake dubawa. "Muɗallabi, ji tsoron Allah. Wace haihuwa? Wadda ta yi bankwana da kai tun ana tahiya Zinder bisa raƙumi?"

"Ke dai kin so ni kin rasa, shi ne har yau kike ɓata mini suna."

"Na so ka? Ranar da aka ce za a haɗa mu, kwana uku na yi ina amai. Gwaggonka ta zaci mayu ne."

Ya ce ai an kuma ce ƙarfe na manne wa wurin da aka soka. Ta ce to wannan ai alheri ne gare shi, sai ya jera asake a damtse ya huta da rataya zabira. Ya ce shi Bagobiri ne, ba a taɓa jikinsa da ƙarfen Nasara. Nan ta samu abin da take nema.

"Bagobiri. Dubi huskarka, kamar gonar da aka yi ma huɗa da dare. Sau goma sha uku aka tsaga ka kana ɗan kwana bakwai, har yau kana yawo da abin kana taƙama. Shekara arba'in kana yanka ɗiyan mutane, ka cire beli, ka yi kaciya, ka kahwa ƙaho ka tsotse jinin bayin Allah. Amma an nuna maka ɗan tsinke wanda bai kai ƙayar aduwa ba, ka shige ɗaka ka sa sakata. Wallahi ran kasuwar Tibiri zan tsaya tsakiyar mahauta in hwaɗi."

"Wa zai saurari baiwa?"

"Kowa. Kyauta zan raba labarin, da zogale bisa."

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun shigowarta. Atika ta ga ƙofa ta buɗe, sai ta yi gaggawa, kuma gaggawar ce ta kayar da ita. Ta miƙe, ta kakkaɓe zane.

"Tashi ka sa hular kirki. Ga adaidaita can na tsayar, ya kai mu likitar su Mansura. Allura ɗaya ce mu dawo."

Askar ta tsaya a kan dutse. Murmushin ya ɗauke gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon bangon zauren, har Atika ta fara tunanin ko suga ce ta motsa.

"Haka na ce mata," in ji shi.

"Wa?"

"Tsahara. Ta ce ba ta zuwa, mura ce. Waccan ɗiyar tawa ta yi ta kira ta wayar talho, a kawo ta, a kawo ta. Na ce tashi, allura ɗaya ce mu dawo. Ta shanya gero a tsakar gida, ta ce to mu yi sauri kada kaji su ɓata."

Atika ta koma ta zauna. Ta san an yi rasuwar, ta zo gaisuwa, har ta tsokane shi ranar uku kamar yadda taubashi ke yi don mai makoki ya samu ya numfasa. Amma wannan maganar ba ta taɓa jin ta ba, kuma ta ji kunyar bakinta.

Ya ci gaba da magana a hankali, ba da ita yake ba sosai. Ya ce a bakin ƙofar likita aka karɓe ta, aka ce shi ya tsaya. Ya tsaya. Akwai wata bishiyar bedi a gefen ƙofar, nan ya yi kwana tara, ya zo da safe ya koma da magariba. Ran na tara aka ce ta cika. Ba a ba shi ita ba. Waɗansu mutane cikin fararen kaya har ka suka kai ta makwancinta, shi da 'yan'uwa suka yi salla daga nesa kamar masu kallon gobarar wani gari. Abin da ya dawo da shi gida takalmanta ne a cikin leda.

"Wadda ta miƙo mini ledar ta tsakanin ƙarahunan ƙohwa ta ruhe huska duka," in ji shi. "Amma na san idanun. Ni na yi mata askin suna. Ta dube ni ta ce, Baba, ba a shiga. Ni. Shekara talatin da takwas da matata, ɗiyar da na haihwa ta ce mini ba a shiga." Ya mai da askar cikin kube. "Ke kina cewa tsinke. Kawo takobi ki gani in na motsa. Waccan ƙohwar ce ba ni ratsawa. In dole ne, su zo nan Tibiri, wani baƙo ya soka mini, ban san shi ba bai san ni ba."

Wata mace da ta ba shi haƙuri, ta ɗauki mayafinta. Atika ta auna hakan, ta ga kowa ya ba shi haƙuri wata bakwai, kuma haƙurin bai kai shi ko bakin titi ba. Abin da ya rage shi ne wanda ita kaɗai ke da izinin faɗa. Ta gyara zama.

"Muɗallabi, in tambaye ka. Ran da ka yi ma Abdu nawa kaciya, ina nike?"

Ya ɗauki kuben askar yana jujjuyawa.

"Ina nike?"

"Waje."

"Waje. Yaro na kiran Inna, Inna, ina jin shi, na kama ƙyaure, ka leƙo da jini a hannu ka ce mata ba su shiga. Na zage ka, na zagi askarka. Uwa nawa ka tsayar a ƙohwar wanga zaure? Don ka ƙi su ne?"

"Wannan daban. Aiki ne."

"Ita wasa take yi?"

Ya kau da kai. Ta ce masa to bari ya ji abin da bai tambaya ba. Shi ya yi kwana tara a gindin bedi, ita Mansura ta yi kwana tara a ciki, tana kallon numfashin uwarta yana ƙarewa, ba halin ta cire safar hannu ta taɓa ta. Da ta cika, ita ta roƙi manyanta su bar ta ta yi mata sutura. Ita kaɗai ta yi, da hannu biyu, babu mai juya mata, babu mai zuba mata ruwa. Daga nan aka killace ta mako biyu a ɗaki, ta yi makokinta da bango. Da ta fito ta zo Tibiri, ubanta ya amsa gaisuwa ya juya wa ƙofa baya.

"Kai ka samu masu yi maka ta'aziyya har da shinkahwa," in ji Atika. "Ita wa ya yi mata? Kana nan kana wasa aska kana jin daɗin hushinka, kai kaɗai aka yi ma mutuwa duk ƙasar Gobir. To ci gaba. In ciwon ya same ka, nan za a kai ka, ita za ta karɓe ka, ita za ta sake yin suturar. Ni kuma a miƙo mini waɗannan ruɓaɓɓun takalman naka a leda. Ba ni so. Ko kare ba ya ɗauka."

Ta ja mayafi ta fyace hanci da ƙarfi don ta ɓoye hawaye.

A waje mai adaidaita ya yi oda sau biyu ya gaji. Can Malam ya tambaya, ba tare da ya dube ta ba, ko da gaske Mansura ce ta yi suturar. Atika ta ce ta taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ba tsokana ba? Sannan ya miƙe da ƙyar, ya shiga cikin gida, ya fito da wata hula, ya rataya zabirarsa.

"Ɗiyar tawa, ita ka sokawa?"

"Ita."

"Hannunta na rawa?"

"Ko kaɗan. Ta soke ni ko a jikinta. Mugunta ai gado ce, gidanku ta gani."

"Ki sani lamba za ni yi. Ban ce na yahe ma kowa ba."

"Wa ya roƙe ka? Hannu aka ce ka kai. Zuciyarka ko an kai kasuwa ba mai tayawa."

Suka hau adaidaitar. Sun wuce gonaki, gero ya kai gwiwa, suka shiga hayaniyar Maraɗi, 'yan kabu-kabu na ta kutsawa. Da aka sauke su, ƙafafunsa suka kai shi gindin bedin nan da kansu, ya tsaya. Atika ta ga inda yake kallo: ƙofar ƙarfe, mai gadi da ƙyalle a hanci, da layin mutane 'yan kaɗan a ƙarƙashin wata rumfa. A bakin rumfar wata ma'aikaciya ta ɗago kai daga teburinta, ta hango su, ta ajiye abin da ke hannunta ta miƙe tsaye. Ko daga nan Atika ta gane idanun.

Mai gadi ya ce wanda za a yi wa kaɗai ke shiga, kuma ba a shiga da asake.

Malam ya sauke zabirar da ba ya bari kowa ya taɓa, ya rataya wa Atika a wuya.

"In ka suma," in ji ta, "zan sayar da wannan in sayi taki."

Ya yi dariya, gajeriya, marar daɗi, amma dariya ce. Ya laluba aljihu ya ciro goro ɗaya fari, ya danƙa mata.

"Ungo, toshe bakin. Kin ci, baiwa." Ya gyara hula, ya yi taku biyu, ya waiwayo. "Tsaya nan gindin itacen. Allura ɗaya ce in dawo."

Ta tsaya a inda ya ce, da zabira a wuya da goro a hannu, tana kallon bayansa har ya ratsa ƙofar.