Gaisuwar Suruki a Kan Ƙanƙara

Ko da zan manta da komai na zaman Landan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna wa surukina a kan ƙanƙara ba. Shekara guda ke nan, amma da sanyi ya shigo wuyan hannuna na dama yake tuna min, ko da ni na so in yi kamar ba a yi ba.

Bari in fara da laifina, tunda shi ya kai ni can. A wani kantin magani nake aiki a Marylebone, kuma ina cikin mutanen nan da bakinsu bai iya cewa a'a ba in ana neman wanda zai tsaya ranar Asabar. Lahadi ma in an rasa, ni ne. Matata Rukayya ta bar koyarwa a Zariya ta biyo ni, na ajiye ta a wani ɗan gida a hawa na huɗu, ita da 'yarmu Ummi (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kama sunan). Wanda bai taɓa yin sanyi a garin nan ba ba zai gane ba. Kana idar da la'asar gari ya fara rufewa, kafin ƙarfe huɗu an kira magariba, ga ruwa tsit-tsit ba ya tsayawa ba ya ƙaruwa. A makarantar su Ummi kuwa ba a zancen komai sai inda za a je hutu, wannan kasuwar Kirsimeti, wancan kan duwatsu. Shekara uku a jere ina alkawarin zan kai su wani gari mu kwana biyu, shekara uku ina sokewa ana gobe tafiya. A na ƙarshen har sun haɗa jaka, Ummi ta cusa 'yar tsanarta a ciki.

Rukayya ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Jakar nan da ta riga ta haɗa ta ɗauka, ta ce za su je Croydon gidan Baffa Sani su yi mako guda, tunda ba nisa da makarantar yarinya. Mako ya zama bakwai. Ni mai digiri biyu sai a mako na uku na gane yaji aka yi min.

Baffa Sani ƙanin mahaifinta ne, shi ya ba ni aurenta, ya daɗe a ƙasar nan har ya yi ritaya. Mutum ne da in ya yi maka magana biyar a wuni to ranar ya yi surutu. Da na kira shi ina kame-kame, cewa ya yi shi bai kira ta ba, ba kuma zai kore ta ba, in ina son iyalina in nuna mata. Ya kashe waya. Na zauna a falo ina kallon kwanukan da ban wanke ba, tsoro ya kama ni na gaske, don a ranar na fahimci aurena na iya mutuwa ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Ina cikin bas wata safiya muka bi ta Aldwych, na hango tallar filin ƙanƙarar da ake kafawa a tsakar wani tsohon gini duk ƙarshen shekara, inda mutane ke sa takalmi mai wuƙa a ƙasa suna zamiya. Na tuna Ummi ta sha yi min nacin wurin. Nan take na kama mana gurbi uku, Asabar ƙarfe uku, na kira Rukayya.

“Na yi mana booking a filin ƙanƙara,” na ce, ina jin kaina wani gwarzo.

Ta ce, “Abban Ummi, ka iya kuwa?”

Na ce haba, ai muna zuwa da 'yan wurin aiki. (Allah ya yafe min. Ƙanƙarar da na sani a duniya ita ce wadda ake jefawa a zoɓo.) Ta ce to, Baffa ma zai rako su, zai tsaya a gefe ya yi kallo.

Wannan magana ita ta ɓata min lissafi. Da ba don ita ba da wandon Turawa zan sa kamar kowa. Amma yaya mutum zai je biko gaban surukinsa a haka? Na ciro shaddata ta sallah, ruwan toka, wadda ta sha bugu har tana tsayawa da kanta, na ɗora hula. Sai dai shadda ba ta san sanyi ba. Na nemi dogon wandon da nake sawa a ciki, na same shi a ƙasan tulin wanki na mako bakwai, ko kusa da shi ban iya zuwa ba. Na buɗe ɓangaren Rukayya na durowa, sai ga nata wandon sanyin da ta bari, mai talewa, ruwan hoda da ƙananan furanni. Na tsaya ina kallonsa, na ce a raina wa zai gani? Na zura abina, na ɗora wandon shadda a kai. In faɗa muku gaskiya, ɗumi gare shi.

Na same su a ƙofa. Ummi ta rungume ni, Rukayya ta gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Baffa ba ya wurin, wai ya tsaya sayen shayi a hanya, ya ce mu fara zai iso. Matar da ke ba da takalma ta dubi kaftanina tun daga wuya har gwiwa, ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce mata na tabbata, har da ɗan murmushin raini.

Ƙafata ta farko a kan ƙanƙara ta gaya min gaskiyar da Rukayya ta so gaya min a waya. Na cafke ƙarfen da aka kewaye filin da shi da hannu biyu, na manne. Ga kiɗa na tashi, ga wata ƙatuwar bishiya an yi mata ado da fitilu, ga tsofaffi masu furfura suna wuce ni hannu a aljihu. Ummi kuwa ta saki hannun uwarta ta yi tsakiya, ta juya, ta dawo da baya da baya. Ashe makaranta ta kai su sau da dama, ta iya tun bara, ni ubanta ban sani ba. Wannan ya fi sanyin cizo na. Rukayya ba wani iyawa ta yi ba, tana tafe tana tangaɗi, amma dariya take yi, kuma na manta rabon da in ji dariyarta.

Da suka zagayo ta inda nake ta ce, “Ba ka ce ka iya ba?”

Na ce jiki nake ɗumamawa. Wani ma'aikacin wurin ya turo min wani tsuntsun roba mai hannuwa, irin wanda yara 'yan shekara huɗu ke riƙewa don kada su faɗi. Na ce masa na gode, cikin muryar da ke nufin ya kiyaye ni. Zuciya ta ɗebe ni, na saki ƙarfe. Taku ɗaya, biyu, uku, har biyar. Wallahi na tsaya, ni kaɗai, ba jingina. Na ɗaga kai ina neman idon Rukayya don ta shaida.

Sai na ji sallama daga bayan shinge. Baffa Sani ne, da doguwar rigar sanyinsa da kofin shayi a hannu.

To ni tun ina yaro ban taɓa gaida babba a tsaye ba. Shekara goma da auren Rukayya, ko a tashar jirgi na haɗu da Baffa sai na kai ƙasa, Turawa na kewaye ni da jakunkunansu. Abu ne da ba ya bi ta ƙwaƙwalwa, gwiwa ce ke yanke hukunci. Kafin in tuna a kan me nake tsaye, na riga na tsuguna.

Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta ce ba ruwanta. Na ji ƙiiii, wandon shadda ya rabe tun daga baya har gaba. Na kai hannu in tare, wani abu ya ce ƙas a wuyan hannun. Na kife rigingine, ƙafafu a sama, kaftani ya naɗe har ƙirji, na taho suuu kamar buhun da aka turo daga kan mota, ban tsaya ba sai da takalmana suka daki katakon da ke ƙarƙashin Baffa. Hula ta kama nata hanyar.

Abin da ya fi ba ni haushi har gobe shi ne bakina bai san an yi hatsari ba. Ina kwance, furannin Rukayya na kallon sararin sama, na ji kaina ina cewa, “Baffa ina wuni. Mun same ku lafiya? Ya sanyi?”

Bawan Allah nan ya ɗaga kai ya ƙura wa bishiyar Kirsimeti ido, kamar shi aka ba aikin ƙirga fitilunta, ya ce, “Lafiya lau. Ya aiki?”

Da an tsaya nan da da sauƙi. Sai ga Ummi ta taho a guje, ta ja birki a kaina tsaf, ta duba, ta tambaya da Turancinta mai kaifi, yadda na can ƙarshen fili ma zai ji, me ya sa Abba ya sa wandon Mama. Wata mata ta toshe baki. Wani ya miƙo min hulata da ladabi, wanda ya fi dariyar ciwo. Na duba Rukayya. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi wandon, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ni kuwa na roƙi Allah ƙanƙarar nan ta narke ta tafi da ni.

Ma'aikata biyu suka ɗaga ni, kuma tsuntsun nan da na raina shi na runguma da hannu ɗaya aka tura ni har bakin ƙofa. Baffa ya cire rigar sanyinsa ya miƙo min ta gefe, har lokacin bai yarda mun haɗa ido ba, ya ce in ɗaura a ƙugu. Shi ya wuce gida da Ummi, Rukayya ta kai ni asibiti.

Awa uku muka yi a kan kujerun jira. Wayata na aljihun dama, ta yi ta ruri, na san wurin aiki ne ana neman mai tsayawa gobe Lahadi. Hannun dama ya kumbura, na hagu na tallafe da shi, ba halin ɗauka. Sau uku tana yankewa. Rukayya tana ji, ba ta ce in kawo ta ciro min ba. Da wayar ta gaji ta yi shiru, sai Rukayya ta ce, ba tare da ta juyo ba:

“Ka san rabon da ka zauna kusa da ni awa uku ba ka tashi ba?”

Na fara lissafi a raina, ta riga ni.

“Ranar da na haifi Ummi. Shi ma a asibiti.” Ta gyara mayafinta. “Ni ban ce ka kai ni ƙanƙara ba, Abban Ummi. Ban damu da wani gari ba. Zama nake so ka yi. Ga shi ka zauna, amma sai da hannunka ya karye.”

Na sha jin magana a rayuwata, ban taɓa jin wadda ta shige ni kamar wannan ba. Na so in kare kaina, in ce ai don su nake yi, sai na ga mutumin da ke sanye da wandon matarsa da rigar surukinsa a ƙugu ba shi da bakin yin wa'azi. Aka ɗauki hoto, aka ce karaya ce, aka naɗe hannun. A tashar bas na tambaye ta ko za ta dawo. Ta ce ba ta sani ba. Don kada mu rabu a haka, na ce to zan wanke mata wandonta in kawo.

“Bar shi a can,” ta ce. “In na tashi zan zo in ɗauka.”

Yau shekara guda. Na daina aikin Asabar, kuma abin takaici kantin bai rushe ba, ko girgiza bai yi ba. Duk Asabar nakan tafi Croydon in wuni a falon Baffa, in gaishe shi a tsugune bayan na tabbatar darduma ce a ƙasa. Bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai duk lokacin da na miƙe yakan ce in bi a hankali. Rukayya ta sami aiki a wata makarantar yara, takan zauna mu yi hira, wani lokaci har ta yi dariya. Makon jiya na mayar da Ummi filin nan, na tsaya a bayan shinge ina riƙe da jakarta, inda ya kamata in tsaya tun farko.

Amma Rukayya ba ta dawo ba. Wandon na nan, na wanke shi, na ninke, na ajiye a gefenta na gado. Ba ta zo ta ɗauka ba, ba ta kuma ce in kawo ba, ni ma ban sake tambaya ba don ina tsoron ranar da za ta ce in kawo.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka gaida suruki, duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarka tukuna. In kuma matarka ta ce ka zauna, ɗan'uwa, zauna tun hannuwanka biyu na lafiya.