Dawar Wakili Ta Samu Ɗaki

Ilimin zamantakewa ya tabbatar da cewa kowace al'umma sai ta hau matakai biyar kafin ta waye, kuma mu mutanen bakin Kwara muna kan na biyu. Ba na musu. Ni ma na karanta littafin a jami'a, har na ci jarrabawa da shi.

Jiya na je sabon ƙauyen da aka kwaso mutanen tsibirinmu aka zuba, kafin ruwan madatsar Kainji ya cinye tsohon. Gidaje ga su nan reras, bulo da siminti, amma babu rumbu ko ɗaya. Na yi sa'a na tarar da Mai Girma Babban Masanin Halin Talakawa yana zagayawa da kundinsa, na rusuna na tambaye shi dalili. Ya ce rumbu alamar tsoron gobe ne. Manomin da ya kai mataki na uku kasuwa yake kai amfaninsa, ba ya ɓoyo. In ka hana shi rumbu, dole ya hau. Na yaba ƙwarai. Mu da muke zaton yunwa ce ke sa a gina rumbu, ashe rashin karatu ne.

Maƙwabcinmu Wakili ya taso da damin dawa arba'in a kwalekwale, cimar gidansa ke nan har kaka. Ya nemi ya kwaɓa laka ya yi rumbu, aka ce taswirar gari ba ta san da shi ba. Ga hadari ya haɗo ta gabas.

Na same shi yana jidar dawa zuwa ɗakin kwanansa, matarsa Dudu tana fito masa da tabarma. Ɗayan ɗakin ita da yara suka cika shi. Na kwashe bayanin Masani na faɗa masa.

"Malam, kai da ka yi boko," in ji shi, "wanga mataki, mutum ka hawanshi ko dawa?"

Na ce sai na duba littafi.

Da Masani ya hango tabarma a rumfa, sai fuskarsa ta washe. Ya rubuta cewa an samu hujja: ɗan mataki na biyu bai iya kwana a ginin zamani ba. Za a turo kwamitin wayar da kai, mota uku.

Aka fara yayyafi, ranka ya daɗe ya shige motarsa. To, ko ba komai wani ya ci gaba a gidan nan: dawa ta samu ɗakin siminti, har da taga.

Wakili ya leƙa ya ga ba ta jiƙa ba, ya ja mata ƙofa, ya matsar da tabarmarsa gefen da yoyon bai yi yawa ba.