Tukunyar Miyar Goggo

"Lafiya lau, sai dai gidan ne ya yi mini faɗi. Wa nake ji kamar amaryata da ta yi yaji ta tafi jami'a?"

"Ni ce, tsoho. Ashe kunnen yana nan, ido ne kawai ya yi ritaya."

Hidaya ta ajiye babban kwandon da ta shigo da shi. Kakanta, Malam Sha'aibu, yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakin matarsa Goggo, wadda ta rasu da damina. Kaji sun kewaye shi, yana watsa musu gero daga ƙwarya. Geron nan baban Hidaya, Ubale, ne yake aiko masa daga Gumel don tuwo da kunu, domin bana gonarsu ta Ɗanzomo ba ta ba da komai ba. Maƙwabta suka kai labari cewa tsohon yana zama da yunwa, kaji suna cinye abincinsa. Shi ya sa aka aiko ta ta kwashe su. Ita da ba ta iya haɗa ido da baƙo, a gaban wannan tsohon kaɗai bakinta yake buɗewa.

"Kwandon nan fa? Lefen da na yi miki kika dawo da shi?"

"Wane lefe? Mai hula ɗaya tun kafin a haifi babana? Kajin nan na zo ɗauka. Baba ya ce ranar Alhamis a kai su kasuwar Maigatari."

Hannunsa ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"Ki koma ki gaya wa Ubale ni na haife shi. Ranar da aka yanke masa cibiya ma kuka ya yi ta yi kamar ɗan akuya."

"Zan gaya masa. Amma dubi wuyanka, kamar na zabo. Riga ta rasa inda za ta rataya. Ni ba na zama da mijin da iska za ta ɗauka ta tsallaka da shi Nijar."

"Ni iska za ta ɗauka? Ni da na taɓa ɗaga jaki da kayansa?"

"Jakin ya mutu, babu shaida."

"Marar kunya! Na sake ki."

"Ka fara ciyar da ni tukuna, sannan ka yi maganar saki."

Ya so ya yi dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa, sai ya ce a hankali, "Na Goggo ne fa, Hidaya. In aka ɗauke su, da wa zan yi magana da safe?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyalenta.

"To ita da me take ciyar da su? Ban taɓa ganin ta ɗebar musu gero haka ba."

"Da me kuwa? Kaza kiwon kanta take yi. Tun da ta tafi ne suka lalace. Ƙwai ya tsaya, 'yan tsaki sai faɗuwa suke. Kewarta suke yi."

"Kewa? Ina tukwanen da ke bayan danga?"

"Waɗancan fasassu masu kashin shanu? Bayan sadakar arba'in na sa aka zubar. Tarkace ne."

"Innalillahi. Tsoho, abincinsu ka zubar."

"Kashin shanun?"

"Gara take kama musu da shi. Takan cika tukunya da busasshen kashin shanu da guntun kara da tsumma, ta yayyafa ruwa, ta kife a inda gara ke bi. In ta buɗe da sassafe, ciki ya cika fam, sai ta zazzage wa kaji. Ta haɗa musu da ganyen zogale da ɗan dussa. Ina ƙarama ni nake riƙe mata buta."

Malam Sha'aibu ya ajiye ƙwaryar a gefe. Wata kaza ta hau ƙafarsa, bai kore ta ba.

"Kullum ina jin fitarta ta baya da safe," ya ce. "Ban taɓa tambayar ta ina take zuwa ba."

"Kana can kana minshari kamar injin niƙa."

"Lazimi nake yi."

"Lazimin da ake ji har Gagarawa?"

Ya share ido da hannun riga, ya ce ƙura ce.

"Ba ni tukunyar ƙasa," in ji Hidaya. "In haɗa yau, in nuna maka yadda ake yi, kai za ka riƙa fita bayan danga. Zan roƙi Baba ya bar su. Amma da sharaɗi: gero cikinka zai shiga. In na dawo na tarar da wuyan nan yadda yake, da kaina zan kai su Maigatari, in haɗa da kai gyara."

"Wa zai ƙi ni? Sai an yi layi."

"Tukunya nake jira."

"Babu. Duk gidan roba ce da ƙarfe."

"Akwai ta miya a ɗakin nan."

Ya juya ya dubi ƙofar da ke bayansa. Tun ranar jana'iza take a kulle.

"Tukunyar da na sha miyar kuka a ciki tun ina ango za ki cika da kashin shanu? Wannan suka koya miki a jami'a?"

"Miyar da kullum kake cewa gishiri ya yi yawa?"

"Ƙarya nake yi. Don ta yi magana ne."

Hidaya ta dubi ƙofar ɗakin. Kaji suka ci gaba da tsince sauran geron da ke ƙasa.

Can sai ya laluba aljihu, ya zaro ɗan makulli ɗaure da zare, ya miƙa mata. Dariya ta kuɓuce masa, siririya.

"Ɗauko. Oh ni Sha'aibu! Girkin amarya na farko a gidana, kashin shanu."

"Wannan na kaji ne. Naka kunu ne, kuma a gabana za ka shanye."

Ya dubi geron da ya rage a ƙwarya, ya dubi kajin. Sannan ya tura mata ƙwaryar.

"To ki cika tsamiya. Ita haka take yi."