Wakilin Ango da Kolshisin

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan yayana a Garu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina.

Ina fama da ciwon gut, wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa har in zane ya taɓa shi sai ka ji a ƙwaƙwalwa. Likitana a Malanbil ya ba ni magani iri biyu. Alofirinol a sha kullum don kada ciwon ya tashi, kolshisin kuma in ya riga ya tashi. Ya ja mini kunne kada in wuce ƙa'ida, kuma in rabu da kayan ciki. (Na kullum ɗin tun da ƙafa ta lafa na ajiye shi. Kayan ciki kuwa, kowa da jarabarsa.)

Jajibirin biki aka yanka sa, na yi wa hanta da ƙoda zaman dirshan. Gari na wayewa ƙafa ta ce ga ni. Ga shi ni ne wakilin ango, tunda mahaifinsa ya rasu. Matata ta ga ina ta ɓare kolshisin.

"Alhaji, ba haka likita ya ce ba."

Na ce, "Likita ba ya da ɗaurin aure yau."

Na haɗiye fiye da ƙa'ida, na hau kabu-kabu da takalmi a ƙafa ɗaya.

Muna kan tabarma, liman ya fara addu'a, cikina ya murɗa. Na daure, gumi na bin bayana. Liman ya juyo ya ce, "Wakilin ango, mi ke tafe da ku?"

Na buɗe baki in nemi aure, sai na ji na ce, "Malam, ina makewayi?"

Waliyyin amarya ya turo mini buta. Na tattare babbar riga, na ratsa taron ina ɗingishi. Na dawo, aka soma, na sake tashi. Ƙarshe ƙanena ne ya karɓi auren. Ina bayan zana na jiyo Fatiha, ko amin ba halin in ce.

Da na je wurin likita, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka yi sa'a. Maganin nan in ya yi yawa kisa yake yi."

Yanzu ina shan na kullum ba fashi, a gajiye, kamar mai biyan kaffara. Na gane cewa gardamar da ka yi da likita a ɗaki, a gaban surukai ake yanke hukuncinta.