Tattasan da Ya Ci Injin Ban Ruwa

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na zaga Ikara da Kudan da Makarfi da tukunya a cinya ina neman wuta. Ni da shekaruna, da wannan gwiwa tawa da ba ta son zaman mota. A ƙuruciyarmu tukunya zamanta take yi a kan murhu, in wuta ta mutu sai a aike ki maƙwabta da sakaina ki ɗebo garwashi. Yanzu kuwa an ci gaba. Tukunyar ake ɗauka a shiga mota da ita, ana bi gari gari ana cigiyar wuta. In da ranka ka sha kallo.

Bari in faro muku daga tushe, kar ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Wata guda ke nan wani kwamiti mai dogon suna, Kwamitin Ɗaga Darajar Matan Karkara, ya tara mu mata arba'in a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Gatan Marasa Gata, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo. Aka ba kowaccenmu tukunyar lantarki mai suya da iska, ba mai, ba itace, ba hayaƙi. Mu dai tukunyar iska muke ce mata. Abu mai kyau, baƙi sumul, har da ɗan aljihu da ake jawowa. Mun yi godiya, mun yi guɗa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, domin mu da ƙaramin tunaninmu ba za mu taɓa kawo wa ranmu cewa abin da ƙauyenmu na yankin Malikanchi ya rasa shi ne tukunyar lantarki ba. Damina biyu ke nan da aka ɗauke mana taransifoma aka tafi gyara ta. Ina jin ciwon nata mai tsanani ne. Wayoyin dai suna nan, kurciyoyi suna jin daɗinsu.

Wata mata da ake kira Madam Kodineta ita ta koya mana sana'ar, a kan allo, da yake ɗakin taron ma babu wuta. A tsaga tattasai a tsaye, a cire 'ya'yan, a barbaɗa gishiri. A mulmula shi cikin fulawa, a tsoma a ruwan ƙwai, a birgima shi cikin dakakken busasshen burodi. A jera a aljihun tukunya kada wani ya hau wani, minti goma sha biyu, a juya a tsakiya. Ta ce zai fito yana ƙurus-ƙurus. Muka yarda da ita kamar yadda ake yarda da labarin Aljanna, babu wadda ta gani.

Sai ta rufe da cewa bayan wata guda Mai Girma zai zo da kansa ya ɗanɗana abin da kowa ta soya, kuma daga sakamakon wannan ɗanɗano za a yi rabon zango na biyu. A zango na biyu akwai injin ban ruwa.

Nan fa maƙwabciyata Philomena ta gyara zama. Philomena manomiyar tattasai ce, iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo, ita kuwa a gabana aka haife ta. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar fadama a bakin rafi, kuma da bokiti take shayar da ita, safe da yamma, har bayanta ya fara lanƙwasa kamar lauje. Bana ta yi rainon iri mai yawa da sa ran wannan inji, irin ya isa dashe, bokiti kuwa ba zai iya da shi ba. Ko inji, ko ta zuba ido rana ta ƙone shi.

Ranar Talata ce ranar ɗanɗano, a wani fili a Ikara bayan azahar. Da sassafe ta yi mini sallama da tukunyarta a ka.

"Mama, ki raka ni. Ke kin iya magana da mutane."

"'Yar nan, ki soya a kasko mana kamar kowa, ki goge man da jarida. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Mama. Kuma an ce Madam tana da takardar gwada mai."

To, ina zan ƙi? Muka sa ƙwai cikin ƙwaryar dusa don kar su fashe, muka ƙulla fulawa a leda, da garin burodin da na ɓoye kwana uku a adaka kafin ya samu sukunin bushewa. A gidanmu burodi bai taɓa tsufa ba.

A Ikara babu wuta. Muka je wurin wani mai cajin waya, ya kalli tukunyar, ya kalli ɗan janaretansa, ya ce, "Hajiya, in na jona wannan, marainiya za ki mayar da sana'ata." Amma ya ce ya ji an ga wuta a Kudan. Na ce wa ya gani? Ya ce mutum biyu ne, kuma duk masu sallah. Tunda shaida ta cika kamar ta ganin wata, muka hau mota.

A Kudan muka tarar ta tafi. Wani dattijo mai shago ya tabbatar mana ta zo, ta zauna kamar tsawon shan fura, har ya ba ni ƙwan fitilarsa in taɓa in ji sauran ɗumi. Na taɓa, na yi masa barka. Philomena kuwa rana kawai take kallo.

Muka juyo Makarfi, a nan Allah ya haɗa mu da Ukasha mai walda, mai ƙaton janareta da ke girgiza titi. Na gaishe shi da aiki, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na yi masa addu'ar da sai da ya cire baƙin gilashinsa, sannan na gabatar da buƙata.

"Iya, ni fa ƙofa nake haɗawa da gadon ƙarfe. Ban taɓa yi wa tattasai walda ba."

"Yau za ka fara, ɗan albarka. Minti goma sha biyu ne."

Minti goma sha biyu sau uku ne, amma ba a faɗa wa mai taimako lissafi duka a farko. Philomena ta shimfiɗa zani a kan wata ƙofar da ba a gama ba, ta tsaga, ta mulmula, ta tsoma, ta birgima. Aka jona. Tukunyar ta ɗauki huci kamar tsohuwar da ta hau tudu. Ukasha ya mayar da gilashinsa ya ja da baya, wai ko da wani abu.

Jama'a, gaskiya ɗaya ce, ko a kan gwamnati sai a faɗe ta: abin nan yana aiki. Da aka jawo aljihun, tattasai ya fito ja a ciki, zinariya a waje, ƙamshi ya danne warin ƙarfe. Ukasha ya ɗauki ɗaya ya gatsa, muka ji ƙurus. Ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, "Iya, wannan ai ƙosai ne ya je makaranta."

Guda arba'in muka yi. Philomena za ta juye a kula ta rufe, na riƙe hannunta. Duk wadda ta taɓa sayar da ƙosai ta san in ka rufe abin suya da zafinsa, gumi zai kama shi ya koma lagwani. Sai muka jera a faifai, a buɗe, muka shiga motar Ikara.

Nan ne aka samu matsala, kuma laifina ne. Mutum ba ya zama da abinci a buɗe a gaban jama'a bai ce bismillah ba. Ni dai ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Na ce, "Bismillah," irin wadda ake faɗa a amsa da na gode. Ashe motar cike take da masu tsoron Allah da ba sa mayar da alheri. Hannu ta gaba, hannu ta baya, direba ma ya miƙo nasa bai waiwayo ba. Philomena tana mintsinin cinyata tana murmushi, tana raɗa mini, "Mama, injina suke ci." Kafin mu isa, bakwai suka rage. Wata mata ta ce a ƙara yaji nan gaba.

A filin taro muka tarar da abin da muka wuni nema. Janareta kamar ɗaki, yana ta ruri, yana ba wa lasifika wuta da wata fanka da aka saita tana fifita kujerar Mai Girma. Kujerar ta sha iska daga azahar har bayan la'asar, ita kaɗai. Ban ga laifi ba. Kujerar manya ba ta saba da zafi ba.

Da ya iso, aka yi jawabi, aka yi tafi, sai Madam Kodineta ta bi layi da 'yar farar takarda mai laushi tana dannawa a kan tattasan kowa. Duk inda ta danna sai takarda ta jiƙe sharkaf, har mai kasko ta sunkuyar da kai. Da ta zo kan Hassana, 'yar unguwarmu, sai ta ga tukunya a kwalinta, ko ledar ba a ɓare ba.

"Ina suyarki?"

"Ranki ya daɗe, ban buɗe ba, kar ta tsufa. Ta jeren ɗakin 'yata ce, a saman kabet za ta zauna."

Madam ta rubuta wani abu da ƙarfi har biro ya huda takarda.

Aka zo kan Philomena. Takarda ta fito a bushe ƙayau. Aka kai wa Mai Girma faifai, ya ɗauki ɗaya ya gatsa a bakin lasifika, ƙurus ɗin ya karaɗe filin har tsuntsaye suka tashi. Ya ci na biyu. Ya ci na uku. Philomena ta damƙe hannuna tana cewa, "Na gode Yesu," ni ina cewa alhamdu lillahi, kowa da layin da yake kira.

Mai Girma ya goge baki ya ce yau ya ga amfanin shugabanci. Ya ce wannan baiwar Allah ta nuna ta wuce ajin fartanya, ta shiga sahun 'yan kasuwar zamani, kuma zalunci ne a sake mayar da irin wannan hannu cikin taɓo. Don haka an ɗaga darajarta: za a ba ta babbar tukunyar iska mai aljihu biyu. Sauran kuwa, tunda sun nuna ba su da basirar zamani, kwamiti ba zai yar da su ba, za a mayar da su gona inda suka fi wayo. A ba kowacce injin ban ruwa.

Masu kasko suka ɓarke da guɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Philomena, wadda tun tana goye ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ta miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Da mai na soya. A kasko. Man gyaɗa kwalba guda."

Madam ta ɗaga busasshiyar takardar sama kowa ya gani. Mai Girma ya girgiza kai cike da sha'awa, ya ce, "Kun ga tawali'u? A ƙara mata satifiket." Aka ɗauke su hoto. In kun ga hoton a wani wuri, wadda take kamar an yi mata rasuwa ita ce ta zo ta ɗaya.

Muka shiga motar komawa. Babbar tukunya a cinyar Philomena, injin Hassana a but yana ƙwanƙwasa mana baya duk ramin da muka faɗa. Can sai Hassana ta leƙo ta shafa kwalin.

"Philomena, aljihu biyu fa aka ce?"

"Biyu."

"Ni kuwa 'ya'ya mata biyu gare ni, kuma ko taƙin fadama ba ni da shi. Me zan shayar, turmi?"

Philomena ta juyo a hankali. "An rubuta lambar kowa. Madam ta ce za su biyo sawu su duba."

"Ta wace hanyar? Wannan?" in ji Hassana. Daidai nan motar ta faɗa wani rami da sai da kawunanmu suka gaisa da rufi. Ba a ƙara tayar da maganar bin sawu ba.

Ranar Alhamis da hantsi na ji inji yana tari a bakin rafi. Na dogara sandata na je, na tarar injin Hassana ne, ga Philomena tsaye cikin taɓo har idon sawu, ruwa yana bin kunya kunya, tana dashe tana waƙar coci. Tiyon da take jan ruwan da shi na aro ne, na Musa mai rake, kuma ya ce mako biyu kawai zai iya haƙura. Ashe injinan babu tiyo aka raba su. An ce tiyo sai zango na uku, shi ma sai an yi jarrabawa.

Yanzu haka kullum bayan la'asar ni da Hassana muna zaunar da Philomena muna koya mata yadda ake faɗuwa jarrabawa. Ku taya mu da addu'a, don yarinyar kanta ba ya ja a wannan fanni.